Ajiyar Shekara Shida

Biyu ga wata

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Yaya ƙafa, yaya kuma kunnen? Inna lafiyarta ƙalau in ban da ciwon bayan da ta saba. To, na yi gaisuwa, tunda ka ce wasiƙar da ba gaisuwa kamar faɗa wa mutane gida ne ba sallama. Da kunnenka yana jin waya, wallahi da ban tsaya neman biro ba.

Kawu, sa hannunka na gani.

Bari in faro daga tushe, kada ka ce Ashana ya kama da wuta tun ba a ƙyasta shi ba. Ka san shagon ɗaurin littafin da Baba ya bar mini, wanda titi ne kawai tsakaninsa da ƙofar jami'a. Shekara shida ke nan ina ɗinke kundin ɗalibai, kuma ba wanda nake shafa wa gam sai na karance shi. Na karanta na masu kai, na karanta na waɗanda ko wasiƙar neman aure ba zan ba su su rubuta mini ba. Ka kuma san rantsuwar da na yi ranar da na duba allo ban ga sunana ba, cewa ƙafata ba za ta sake taka cikin ƙofar nan ba. Ban taka ba.

Shekaranjiya wata dattijuwa daga ofishin rajista, mai tabarau da igiya a wuya, ta kawo tsofaffin littattafan ofishinsu guda bakwai, duk bayansu ya ɓalle, a sake musu ɗinki. A cikinsu suke rubuta duk wanda aka ba gurbi, da inda aka aika masa takarda, sannan su manna 'yar takardar gidan waya mai sa hannun wanda ya karɓa. Daga ƙarshen layi kuma su rubuta ko ya zo ya yi rajista. Irin wannan aiki shafi-shafi ake bi. Ina kan littafi na huɗu, shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya, sai wata 'yar takarda ta ɓamɓaro ta faɗo mini a cinya. Na ɗauka zan mayar da ita wurinta. Sai na ga wannan wutsiyar da kake ja a ƙarƙashin sunanka, wadda tun muna yara muke kwaikwayo a ƙasa.

Na bi layin da yatsa. Sunana. Lambata. Sashen tarihi. Kashi na biyu na waɗanda aka ɗauka. An aika zuwa akwatinka, domin lungunmu ba shi da lamba, kuma duk dangi akwatinka suke bayarwa tun kana aiki a gidan waya. An karɓa. A ƙarshen layi da jan biro: bai zo ba.

Bai zo ba! Ni da nake kallon ƙofarsu tun safe har rana ta faɗi? Ni da na san maigadinsu da tarinsa?

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Gam ya bushe a buroshi. Da dattijuwar ta dawo duba aikinta jiya, na buɗe mata shafin. Ta dubi layin, ta dube ni.

Ta ce, "Kai ne wannan?"

Na ce, "Haka uwata ta ce."

Ta cire tabarau ta ce, "Duk shekara sai mun samu ɗaruruwa da aka ba gurbi ba su zo ba. Mukan zauna mu yi ta rubuce-rubuce a kan dalilinsu. Ashe ɗaya yana nan yana ɗinke mana rubutun."

Ta ce akwai kwamitin ƙorafi da ke zama sau ɗaya a shekara, kuma ranar ƙarshen watan nan ake rufe karɓar takardu. Abu biyu suke so: ainihin takardar da aka aiko, da shaidar wanda ya sa hannu cewa ba ta iso gare ni ba. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba, amma ba su taɓa sauraron wanda bai kawo biyun ba.

Kai da Inna kakanninku wa da ƙane ne. Zumuncin ba na kusa ba ne, amma kai muka sani a matsayin Kawu, kai ne ka fara ba ni littafin da ba na makaranta ba. Saboda haka tambaya nake, ban fara zagi ba tukuna. Ina takardata?

Naka,
Ashana

Shida ga wata

Ɗana Ashana,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Wasiƙarka ta iso ta hannun direba, na karanta sau uku. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa ya yi ritaya tare da ni, sai dai shi ba a ba shi takardar yabo ba. Ka gaida mini 'yar'uwata, ka ce ina tambayar bayanta.

Sa hannuna ne. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, shekara talatin da ɗaya ina sa mutane suna sa hannu, na san nauyinsa. Ni na karɓi takardar. Har ofishin nan da kake magana na shiga da ita a aljihuna, a shekarar da 'yata Auta ta shiga jami'ar, kuma ban fito yadda na shiga ba.

Shaidar da suke nema zan rubuta. Takardar kuwa ba ta wurina, kuma ba ni da izinin faɗar inda take. Ka ba ni 'yan kwanaki in nemi izinin. Akwai maganar da idan aka faɗe ta da gaggawa, ɓarnarta ta fi ta shirun da aka yi.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka yi ta ɗaga murya a cikin gida kan wannan batu. Mahaifiyarka ba yarinya ba ce.

Kawunka

Takwas ga wata

Kawu,

Sallama. Muna lafiya. Ban da Inna, kuma kai ka jawo.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, ma'anarta ba ta canja ba. Ka shiga ofis da takardata a aljihu a shekarar da 'yarka ta shiga, ka fito ba yadda ka shiga ba. To ai ka gama magana! Ka shiga da gurbina, ka fito da na Auta. Me ya rage kuma na neman izini? Izinin wa? Na wanda kuka yi musanyar da shi?

Innalillahi. Ni fa har gaisuwa na aika ranar da ta gama. Ni na ɗaure mata kundinta da hannuna, kwali mai kyau na zaɓa, baƙi mai ruwan zinariya, na ce ai 'yar Kawu ce. Har gyara na yi mata a babi na uku, inda ta maimaita sakin layi guda sau biyu. Ta ce, "Yaya, kai da ka yi karatun nan da ka fi mu." Na yi dariya. Ashe ni ne abin dariyar.

Ka san abin da shekara shidan nan suka yi mini? Kullum da safe in buɗe shago, in ga yara suna shiga da jakunkuna, in ce a raina, kai ba ka isa ba, an auna ka an ga ba ka kai ba. Abin da ya sa nake karatu kamar mai ramuwar gayya ke nan. Duk littafin da na gama sai in dubi ƙofar in ce, to wannan ma ku hana ni. Na zage su a gaban kowa. Na ce ba sa ɗaukar ɗan mai gam, sai ɗan wane da wane. Ashe sun ɗauke ni! Mutanen da na yi shekara shida ina tsine wa su ne suka kira ni, wanda nake yi wa addu'a shi ne ya tare ƙofa. Da wane bakin zan dubi maigadin nan yanzu?

Ka ce kada in ɗaga murya a gida. Ka makara. Ranar da na ga shafin na gaya wa Inna komai. Tana riƙe da kofi, ya suɓuce. Ta zauna daɓas a ƙasa. Na rantse a gabanta, na ce duk wanda ke da hannu a wannan abu, ko wane ne shi, ba ni ba shi har abada, ko gawata kada ya raka. Tun ranar ba ta cin abincin kirki. Jiya na dawo na tarar tana wanke kayan da ta wanke shekaranjiya. Ka ga yadda cin amanarka ya yi wa 'yar'uwarka.

Kada ka kawo mini zancen abin da babba ya hango. Na hau rimin, Kawu, na hango, shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya ne.

Saura kwana ashirin da biyu.

Ashana

Goma sha bakwai ga wata

Kawu,

Gaisuwa. Kwana tara ba amsa. Kullum sai na je tasha, har direban ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ko ƙafar ce ta tashi? In ciwo ne ka sa a rubuto. In fushi ne, kana da hujja guda, kuma ga ta.

Na duba littafi na uku. Sunan Auta yana shafi na arba'in, a kashi na farko, mako biyar kafin a rubuta nawa, a wani sashe dabam, da makin da ya fi nawa. Da guminta ta shiga. Littafin yana kan teburina ranar da na rubuto maka waccan wasiƙar, hannu kawai zan miƙa, amma ban miƙa ba. Na janye wannan maganar. Idan ta ga wasiƙar, ka ce mata Yayanta jaki ne. Idan ba ta gani ba, ka ƙona.

Sauran ban janye ba. Kuma yanzu na fi rikicewa, domin da ka sayar da ni, aƙalla na san me aka yi da ni. To in ba ka sayar ba, me ka yi? Wa ke riƙe da takarda shekara shida ba don ya amfana ba?

Inna ta rame. Jiya ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Ɗan nan." Na ce, "Na'am, in dai ba haƙuri za ki ba ni a kan Kawu ba." Ta ce, "A'a, ba komai," ta juya.

Saura kwana goma sha uku. Ko shaidar ka aiko.

Ashana

Ashirin ga wata

Ɗana,

Amincin Allah a gare ka. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Auta ba ta ga wasiƙar ba. Ban ƙona ba kuma, na ajiye maka, wata rana za ka so ka ga yadda kake idan ka kama.

Ga shaidar a cikin ambulan, da sa hannuna da wutsiyarsa. Na rubuta cewa ni na karɓa, ni ban isar ba, laifin nawa ne ni kaɗai. Haka nake so ya shiga littafinsu.

Izinin da na nema bai samu ba. Sau uku na sa Auta ta kira waya, wanda ake kira kuka kawai yake yi. Kwanaki suna tafiya, saboda haka yau zan karya alkawarin da na riƙe shekara shida. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Takardar ta iso ne kwana tara da kwantar da mahaifinka a asibiti. Na buɗe ta a bakin akwati, kamar yadda nake buɗe ta kowa a dangi, domin in san irin fuskar da zan shiga da ita gidan mutane. Na ga an ɗauke ka. Ban ko koma gida ba, na hau mota. Na iso na tarar ba ka nan, kana can kana juya mahaifinka a gado, kana fita kana buɗe shago awa biyu, kana komawa. Mahaifiyarka na samu. Na karanta mata. Ta yi guɗa, sannan ta toshe bakinta.

Ta ce, "Yaya, idan ya ji yanzu, zai rabu biyu. Ya bar ubansa ya tafi, ko ya zauna yana ƙuna. A bari Malam ya samu sauƙi mu gaya masa a gabansa, su yi murna tare. Ko abin yana lalacewa?"

Ka ji tambayar da ta yi. Ita ba ta karatu, amma ta yi tambayar da ta dace. Ni mai karatun na ce mata, "Haba! Gurbi ai kamar fili ne, in an ba ka an ba ka. Ki adana takardar kawai, kada ruwa ya taɓa."

Ashana, ban juya bayan takardar ba. Murna ta sa na karanta gabanta na ninke. A baya aka rubuta cewa wanda bai zo cikin kwana goma sha huɗu ba, an ba wani.

Mahaifinka bai tashi ba. Bayan wata biyu da rasuwarsa, da na zo duba Auta, na karɓi takardar a hannun mahaifiyarka na je ofishin in tambayi ranar da za ka fara. Wani yaro sa'an jikana ya karɓa, ya juya ta, ya nuna mini da bakin biro. Abin da nake nufi ke nan da na ce ban fito yadda na shiga ba. Na shiga ina mai karanta wa dangi wasiƙa, na fito ina tsohon da bai san takarda tana da baya ba.

Na tsallako titi da niyyar gaya maka. Na tarar kana wa wani ɗalibi wankin babban bargo saboda ya ce ka yi sauri. Ka jefa gwangwanin gam a bango, ka ce da za ka san mutum ɗaya da ya hana ka shiga, da shi da kai sai a lahira. Na tsaya a bakin shago, na gaishe ka, na ce na zo wucewa ne. Na koma na mayar wa mahaifiyarka takardar, na gaya mata gaskiya. Muka ce a bari ka huce, gobe. Gobe ce ta yi shekara shida.

Sau uku na rubuto maka na ce ka sake nema. Ka amsa mini da shafi huɗu na zagin jami'a, har da misalai daga littattafai. Na yaba rubutun, na kasa faɗar abin da ke bakina.

Ban kawo wannan don in rage nawa ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jerin sunaye na biyu ya yi wata guda a manne a allonsu. Daga ƙofar shagonka zuwa allon nan bai kai taku ɗari biyu ba, na ƙirga a ranar. Rantsuwarka ce ta hana ka zuwa.

Takardar tana gidanku. Ka tuna da abin da ka rantse a gabanta kafin ka buɗe baki.

Kawunka

Ashirin da huɗu ga wata

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ba irin gaisuwar da na saba ba. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Inna ta ci abinci jiya, har ta nemi ƙari.

Ban zauna ba kamar yadda ka ce. A tsaye na karanta har ƙarshe. Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban yi ba tun rasuwar Baba. A hanya ina ta shirya magana. Ka san ni, kafin in kai lungu na haɗa jawabi mai babi uku.

Na same ta a tsakar gida tana shanya. Ta ga ambulan ɗinka a hannuna. Ta goge hannu a zani, ta shiga ɗaki, na ji ƙarar akwatin ƙarfen nan da nake ɗora ƙafa a kai in ina karatu. Ta fito da rigar Baba ta zuwa unguwa, a ninke. A cikin rigar akwai ƙyalle, a cikin ƙyallen akwai leda, a cikin ledar akwai takardata. Fara tas, Kawu. Ni mai sana'ar takarda ne, ban taɓa ganin ta shekara shida da ko gefenta bai yi ja ba.

Ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Ga ajiyarka. Ruwa bai taɓa ta ba."

Babi ukun nan duk suka gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, me ya sa?"

Ta ce, "Kullum in ka fita sai in ce yau zan faɗa. In ka dawo sai in ji muryarka tun daga bakin lungu."

Na ce, "To sai me? Dukanki zan yi?"

Ta ce, "Da duka ne ai da sauƙi, yana warkewa. Bakinka nake tsoro."

Kawu, na karanta yaƙe-yaƙe, na karanta yadda garuruwa suka ci da wuta, ba abin da ya taɓa tsayar mini da numfashi kamar kalmomin nan uku. Uwata. Wadda nake ɗauka ina kare ta daga duniya. Shekara shida tana kwana ɗaki ɗaya da abin da ke cinta, tana zuba mini abinci, tana jin ina tsine wa wanda ya hana ni, tana cewa amin a hankali don kada in gane. Ni kuma ina yawo da bakin nan ina alfahari da shi, wai ba na tsoron kowa. Ashe ni ake tsoro. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ta ce, "Ka ce ko gawarka kada in raka. Na ji. Amma ka bari in raka takardar nan. Ni aka ba ajiya, ni zan mayar."

Na ce ta yafe mini rantsuwar. Ta ce, "Wace daga ciki? Suna da yawa." Kuma wallahi ba da wasa ta faɗa ba, sai da ta ga fuskata sannan dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share ido.

Washegari ta yafa mayafinta mai kyau, muka tsaya a bakin titi. Motoci suna wucewa, ni na kasa ɗaga ƙafa. Ita ta kama hannuna kamar ranar da ta fara kai ni makaranta. Maigadin ya ganni ya ce, "Yau kuma? Ko tashin duniya ne ba a sanar da mu ba?" Na buɗe baki, Inna ta matse mini yatsu, na ce masa, "Ina kwana." Shi ma sai da ya tsorata.

Taku ɗari da tamanin da shida ne zuwa allon. Na ƙirga.

Dattijuwar ta karɓi takardar, ta juya bayanta tun kafin ta dubi gabanta. Ta karanta shaidarka. Sai Inna ta ce, "Me ya rubuta?" Aka gaya mata ka ce laifinka ne kai kaɗai. Ta ce, "Ƙarya yake, Allah ya ba shi lafiya. A rubuta ni na ce a ajiye." Dattijuwar ta ce ba lallai ba ne. Inna ta ce ba za ta tashi ba. Aka rubuta, ta dangwala yatsa. Ni kuma na karɓi biron na ƙara layi ɗaya a ƙasa: mai ƙorafin bai duba jerin sunaye na biyu ba, saboda fushi.

Dattijuwar ta ce, "Ka san wannan layin zai iya kayar da kai?"

Na ce na sani.

Ta dube mu ta saman tabarau ta ce, "Shekara ashirin ina karɓar ƙorafi, ban taɓa ganin wanda kowa ke ƙarar kansa ba."

Ta ce a allo za a manna sakamako cikin wata mai zuwa. Ka yi mini addu'a. Ka kuma yafe mini wasiƙar takwas ga wata, ko da ba za ka ƙona ta ba.

Ɗanka,
Ashana

Ashirin da shida ga watan da ya biyo

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna tana gaisuwa, ta ce a gaya maka har yanzu maƙaryaci ne kai. Na ji Auta ta kai ka an duba kunnen. In sun gyara shi ka sanar da ni tukuna, in rage murya.

Ranar goma sha biyar aka manna sunaye. Na bi su daga sama har ƙasa sau huɗu. Babu nawa.

Ba zan ɓoye maka ba, wutar ta taso har maƙogwaro. Na ji rantsuwa tana haɗa kanta a bakina, sabuwa fil, ta fi ta farko kyau. Na haɗiye ta. Ɗaci gare ta kamar gam. Na koma shago na ƙarasa ɗinkin littafi na bakwai. Washegari kafin in buɗe shago na tsallaka na duba. Babu. Na sake zuwa kashegari. Maigadin har ya daina tsokana, sai dai ya ce, "Allah ya sa yau ce." Kwana tara ina wannan sintiri.

Shekaranjiya suka manna wata 'yar takarda a ƙasan ta farko, sunaye biyar, waɗanda kwamitin ya jinkirta don ya sake dubawa. Ni ne na huɗu. Sashen tarihi, shekarar farko, tare da yaran da suke aji shida na firamare lokacin da aka fara kirana. Na tsaya ina kallon sunan kamar na wani. Har yanzu in na tuna cewa da na yi irin na da, da sun sake rubuta bai zo ba, sai jikina ya yi sanyi.

A ofis suka ba ni takardar hannu da hannu. Na juya bayanta kafin in dubi gabanta. Kwana goma sha huɗu, ba su canja ba. Ban fita daga ginin ba sai da na gama rajista, layi shida na bi, ban zagi kowa ba, ko da yake mutum biyu sun cancanta. Sun tambayi inda za su riƙa aiko mini da saƙo, na ba su lambar shago. Kada ka ji haushi. Akwatinka ya yi wa dangi hidima, ya huta. Amma wasiƙunka kada su huta, ina da tambayoyin da ba su cikin littafi.

Da na koma gida na karanta wa Inna, gaba da baya. Ta saurara har ƙarshe. Ta daɗe tana kallon takardar a hannuna. Sannan ta ce, a hankali, ba ta dube ni ba, "In ajiye maka?"

Na buɗe baki, Kawu. Na rufe. Na miƙa mata da hannu biyu.

Ɗanka,
Ashana